Mudassiru Mai Sifili da Faifan Iro

Idan ka shiga Bunkure ka tambayi Mudassiru, za a nuna maka mutum huɗu ko biyar. Amma da ka ce Mai Sifili, kowa zai yi maka nuni da ɗan shagon nan mai jan ƙyaure da ke kallon kanal, kusa da masu injin casar shinkafa. Ƙanena ne, ni na goya shi, ni na yi masa tsarki, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa. Sunana Sa'a, sana'ata turara shinkafa, kuma ba a san ni da ɓoye abin da ke raina ba.

Mu uku iyayenmu suka bari: ni, sai Ibrahimu da muke kira Iro, sai Mudassiru. Gonar Babanmu a can ƙarshen layin ruwa take, inda ruwan kanal ke isowa bayan kowa ya sha ya ƙoshi. Ranar ban ruwa, maƙwabta kan sa bututu a kanal, su ga ruwa ya fara gudu, su koma inuwa suna hira. Baba bai taɓa yarda da haka ba. Sai ya tura Mudassiru ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, ya tsoma yatsa a ƙasa, ya dawo ya nuna masa laka a yatsan. Idan yatsan ya dawo a bushe, to ranar akwai magana. Ina jin tun daga nan yaron ya lalace da rashin yarda. Har yau ko matarsa Hajara ta ce ta kulle ƙofa, sai ya tashi ya taɓa kwaɗon da hannunsa.

Iro kuwa daban yake. Dogo, mai surutu, ba ya iya zama wuri ɗaya. Shi ya fara sayen kyamara a unguwarmu, ya zama mai ɗaukar bidiyon biki da suna daga nan har Kura da Kadawa. Duk abin da ya ɗauko, sai ya kawo wa Mudassiru ya zuba a kwamfuta ya tace. Ta nan Mudassiru ya shiga harkar, kuma ya wuce inda aka sa shi. Iro yana son abin da ke kan allo, shi kuma yana son sanin abin da ke cikin akwatin.

Yau sana'arsa ke nan. Yakan shiga Kano ya sayo tsofaffin faifan kwamfuta, wato ɗan ƙarfen nan mai nauyi da ake ajiye hotuna da takardu a ciki, ya goge su, ya sayar wa ɗalibai da masu shagon buga takardu. Na taɓa ce masa, goge abu ai danna maɓalli ne, mene ne na zama wuni guda ana kallon baƙin allo?

Ya ce, "Yaya, wannan gogewar da kika sani, kamar a cire allon suna ne daga bakin gona. Shukar tana nan, duk wanda ya san hanya zai shiga ya tsinka. Shi faifai a yanke yake gida-gida kamar fangali, miliyoyi. Ni sai na bi kowane gida na rubuta sifili a kan abin da ke ciki, sannan na dawo farko na karanta na ga ko sifilin ya zauna."

Na ce Allah ya ba da haƙuri, ni dai ba zan iya ba.

Komawar nan da yake yi ya sake karantawa, ba haka kawai ya fara ta ba. A farkon sana'ar ya goge wani faifai, kwamfuta ta rubuta masa cewa an gama lafiya, ya sayar wa wani malamin makaranta a Garun Malam. Bayan kwana uku malamin ya kira shi yana dariya, wai ya tsinci takardun asibitin wata mata a ciki, da sunanta da cutar da ke damunta. Mudassiru bai yi dariya ba. Ya hau babur cikin rana tsaka ya je ya karɓo faifan. Sati biyu ya yi yana tonon abin, ba ci ba sha sai an yi masa faɗa, har ya gano inda matsalar take. Ashe faifan ya yi kuka, ya ce wasu gidajen sun lalace ba su karɓi rubutu ba, amma manhajar da ke tuƙa kwamfutar ta haɗiye kukan a hanya, ta wuce, ta ce masa komai lafiya. Ya zauna ya rubuta wa masu kula da manhajar wasiƙa da Turancinsa na sakandare. Bayan wata biyu wani da bai taɓa gani ba ya amsa masa da layi biyu na godiya, ya ce sun gyara. Takardar tana nan manne a bangon shagon, ƙuda sun gama yi mata ado.

Tun daga lokacin ya kasa faifai kashi uku. Akwai mai lafiya, wanda ya karɓi sifili daga farko har ƙarshe. Akwai mai ciwo wanda ya faɗi ciwonsa, wannan Mudassiru har tausayinsa yake ji. Sai maƙaryaci, wanda ya ce ya karɓa alhali bai karɓa ba. Ya saita kwamfutarsa yadda idan gida ya ƙi, za ta sake gwadawa sau uku, in ya sake ƙi ta tsaya cak ta faɗi lambar gidan. Duk faifan da ya ƙi goguwa ba ya sayar da shi. Kwance shi yake yi, ya ciro farantin nan mai ƙyalli na ciki, ya huda shi da ƙusa yadda ba mai sake karanta shi, ya ba manoman shinkafa kyauta su rataye a gona don korar tsuntsayen jan-baki. Lokacin da shinkafa ta fitar da kai, in ka bi hanyar Kadawa za ka ga suna walƙiya a kan igiya.

A shekarar 2016 Iro ya ajiye kyamara ya zuba duk ƙarfinsa a noman tumatir. Shekarar ce tsutsa ta shigo, ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, ganye ya koma kamar an babbake. Kunya da zuciya suka hana Iro zama. Ya bi wasu samari zuwa haƙar zinare can cikin sahara, gaba da Agadas. Ya bar matarsa Kubra, aurensu shekara biyu, Allah bai ba su haihuwa ba. Wata takwas yana kira. Kiran ƙarshe ni ya yi wa, ina tsakiyar juya shinkafa a tukunya, na ce masa ya sake kira an jima hannuna ba sarari. Bai sake kira ba. Ba mu ji ya mutu ba, ba mu ji yana raye ba. Wannan maganar ta "an jima" ina ɗauke da ita har yau, kuma ba na jin zan sauke ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutumin da ya ɗauki hoton rabin ƙasar nan, mu ba mu da nasa sai ɗan ƙaramin na katin zaɓe, wanda ya fito a ciki kamar an kama shi da laifi. Kullum yana bayan kyamara. Wayarsa ta tafi da shi. Abin da ya rage shi ne wani baƙin faifai da ya bar wa Kubra, inda ya tara ayyukansa duka. A ciki, ita da bakinta ta gaya mini, akwai wuraren da ta ƙwace kyamarar ta juya ta kansa a ɗakinsu, yana magana, yana tsokanarta.

Kubra ta yi zaman jira shekara shida. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, kuma duk wanda ya zage ta a gabana sai mun kwashi 'yan kallo. Daga baya iyayenta suka kai magana gaban alƙali, aka bi abin da shari'a ta ce, ta yi idda. Wani mutumin kirki daga Dawakin Kudu, Malam Dalhatu, ya fito. Mu da kanmu muka ce ta yi aurenta.

Saura kwana tara ɗaurin aure, ranar kasuwar Bunkure da hantsi, ina shagon Mudassiru na kawo masa dambu, sai ga Kubra. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ciro faifan daga cikin hijabi, a naɗe da ɗankwali, ta ajiye a kan tebur.

Ta ce, "Malam Mudan, so nake ka yi masa irin gogewar nan taka. Wadda ba a dawowa."

Da can wasa suke yi irin na matar wa da ƙanin miji, ba ya ganinta bai tsokane ta ba. Ranar ko ɗaga kai bai yi ba. Ni ce na yi tsalle na dire.

"Ke Kubra, kina cikin hankalinki? Ɗan'uwan namu za ki shafe? To ki bari a kwafe mana inda yake, sauran ki yi yadda kika so."

Ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Duk inda yayan Malam Mudan ya fito, ina wurin. Ɗakinmu ne, ba ɗankwali, ba komai. Ba abin da wani zai gani ba ne. Ni kuma in na tafi da shi gidan mutumin nan, na san kaina, kallo zan riƙa yi. Ban yi masa adalci ba."

Na ce ta zauna ita kaɗai ta yanko mana ko muryarsa ce. Ta ce ta gwada sau biyu, ba ta iya wuce minti ɗaya. Na juya kan Mudassiru na ce ya yi magana mana, ba yayansa ba ne? Sai cewa ya yi, "Kayanta ne, Yaya." Ya tambaye ta sau biyu ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata, za ta shiga kasuwa, ta dawo bayan la'asar.

Ban tafi ba. Na zauna a kan benci don ya ji nauyin idona. Ya jona waya, ya rubuta 'yan kalmomi a baƙin allon, ya ɗan tsaya da yatsa a sama, ya ce bismillah, ya danna. Lamba ta fara hawa. Kashi biyar cikin ɗari, kashi goma. Ina kallo ana cinye ɗan'uwana da sifili, ga masu injin casa suna ta ruri a waje kamar ba abin da ke faruwa. Na zage shi, na ce zuciyarsa ƙarfe ce irin kayan shagonsa. Ya ci gaba da kallon allonsa. Dambun ma bai taɓa ba.

Bayan azahar, lamba tana kan saba'in da ɗaya, sai faifan ya fara wani ƙas, ƙas, ƙas. Lambar ta tsaya. Kwamfuta ta gwada sau uku kamar yadda ya koya mata, sannan ta jero jan rubutu. Ya matso da kujera. Ya tsallake gidan da ya ƙi, ya gwada na gaba, ya ƙi. Ya yi nisa ya gwada, ya ƙi. Ya canza waya, ya bar shi ya huce, ya sake. Daga wannan wurin har ƙarshe faifan ya daina karɓar rubutu. Sai ya zare wayar a hankali ya jingina da bango.

Na ce, "Me ya faru?"

"Ya gaza. Kusan kashi uku cikin goma bai gogu ba."

"Abin da ke wurin yana nan?"

"Yana nan."

"Za a iya gani?"

Ya ce, "Wataƙila. In aka lallaɓa shi, zai iya tashi sau ɗaya. Ban ce sau biyu ba."

Wallahi sai na ji kamar an ce ga Iro a bakin tasha. Na kama hannunsa na ce, "Mudassiru, Allah ne ya yi. Kai ka yi naka, abu ya ƙi. In ta dawo ka ce mata an gama, faifan ya mutu, ka jefar. Ta tafi da zuciya ɗaya. Mu kuma mu rufe allon da tsumma, ba sai mun kalla ba, muryar kawai za mu ji. Wa aka cuta?"

Idonsa ya yi ja. Na ɗauka na ci nasara. Sai ya ce, "Yaya, in na ce mata an gama, ta tafi tana ganin asirinta a rufe yake, alhali yana cikin aljihun teburina. Ba zan iya ba."

Da Kubra ta dawo, bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Matar Yaya, bai gogu duka ba. Kashi saba'in da ɗaya ya tafi, ba mai dawo da shi. Sauran ya ƙi, kuma ba zai taɓa karɓa ba. Hanya ɗaya ta rage, na kwance shi a gabanki na huda farantin." Ya ɗauko sukundireba da guduma da ƙusa ya jera a kan tebur.

Ta tsaya tana kallon kayan. Ta ce, "Wane wuri ne ya ƙi?"

"Ban sani ba. Lamba kawai nake gani. Zai yiwu bikin mutane ne a Kura. Zai yiwu shi ne."

"Ba ka duba ba?"

"Ban duba ba."

Ta ɗauki gudumar, ta juya ta a hannu, ta ajiye. Matar da ta shigo da safe da ƙarfin hali, sai ga ta ta zauna a ƙasa, kan simintin shagon, ta rufe fuska da hijabi. Ta ce da safe ta iya, don ta ɗauka abu ne da za a yi a bayan idonta a gama. Amma a ce wani yanki ya ƙi tafiya, ita kuma ta sa a buga masa ƙusa, wannan ba za ta iya ba. Tafiya da shi ma ba za ta iya ba.

Daga ƙarshe ta miƙe ta share fuska. Ta ce, "Malam Mudan, na bar maka amana. Kada ka buɗe, kada ka fasa, kada ka ba kowa." Da ta faɗi kalmar ƙarshe, ni ta kalla. Ya ce ya karɓa. Ya mayar da faifan cikin ɗankwalin, ya sa a aljihun tebur na ƙasa, ya murza mukulli.

Wata huɗu ban yi masa magana ba. Da Sallah ya zo gaishe ni, na amsa masa da ka. Abin da ya sauko da ni ba wa'azin kowa ba ne. Wata rana ce ina tsame shinkafa na tambayi kaina, in aka buɗe aka tarar da 'yan matan amarya ne kawai suna rawa a wani gida a Kadawa fa? Da na rasa Iro karo na biyu. Yanzu kuwa, muddin aljihun nan yana kulle, ina iya cewa yana ciki. Ban ce na yarda da abin da Mudassiru ya yi ba. Na dai koma kai masa dambu.

Shekara biyu ke nan. Kubra ta haihu a Dawakin Kudu, mun je suna, ba wanda ya ɗago maganar. Mudassiru ya ce mini irin wannan faifan in ya daɗe a ajiye, injin cikinsa kan daskare, wata rana ko an jona ba zai juya ba. Ya faɗe shi ne kamar yana ba da labarin farashin taki. Ni a zatona abin bai dame shi kamar yadda ya dame ni ba.

Ran Talatar da ta wuce na biya ta shagon da yamma, rana ta yi sanyi, manoma suna dawowa daga ban ruwa da laka har gwiwa. Na same shi zaune, ba aiki a gabansa, gwiwarsa tana jingine da aljihun nan na ƙasa. Sai a lokacin na lura cewa kullum haka yake zama. Ni nakan tuna da faifan in na zo. Shi kuwa yana wuni da shi tun safe, ga wayar jonawa a rataye a ƙusa, ga mukulli a aljihunsa, kuma duk garin nan ba wanda ya san yadda za a tashe shi sai shi.

Na zauna. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, na manta muryarsa."

Na ce wace irin magana ce wannan.

"Fuskar tana zuwa. Muryar ce ba ta zuwa. Tun bara nake nema. In ya dawo daga biki ya tsaya a bakin ƙofar nan, akwai yadda yake kirana. Na san kalmar, amma ban jin sautin." Ya juyo ya dube ni. "Ke kin fi ni daɗewa da shi. Ko za ki kwatanta mini?"

Ni Sa'a, da jikoki biyu, na tashi na fita waje, na tsaya a bakin jan ƙyauren nan, mutane suna wucewa suna kallona. Na gyara murya, na buɗe ta yadda nake jin Iro yana yi, na ce, "Auta! Taso ka karɓi kaya!"

Ya rufe ido yana saurare. Sannan ya girgiza kai.

"Ba haka ba ne, Yaya. Ya fi haka kauri, kuma yana jan ƙarshen." Ya goge fuska da hannun riga. "Don Allah sake."